Rabin Mil Arewa da Makaranta

Ranar Talata Lorene Hruska ta shigo ɗakin tarihin gundumarmu da wata takarda a hannu. Ni nake buɗe ɗakin, kwana uku a mako, tun da gwiwa ta raba ni da hawan doki. A tsohon ginin banki yake, cikin garin Braddock, kuma yawancin ranaku daga ni sai agogon bango.

"Orval, har yanzu kana nan?" ta ce. "Na ɗauka tuni sun sa ka a gilashi tare da sauran tsofaffin kaya."

"Gilashin ne ya yi mini kaɗan. Zauna."

Tare muka tashi da Lorene a gabashin gunduma, ta girme ni da shekara biyu. Ita ta gama makaranta ta yi aure a birnin Omaha. Ni aka cire ni a aji huɗu na bi shanu, ban koma kan karatu ba sai da na haura hamsin. Ta zauna ta shimfiɗa takardar a kan tebur. Layi biyu ne da rubutunta: "Rabin mil arewa da makaranta, yamma da hanya. Na shuka masa furen ayiris."

Maganar mahaifiyarta ce, ta rubuta ta a bakin gadon asibiti shekara ashirin da suka wuce. Lorene tana da wa mai suna Anton, wanda bai cika wata biyar a duniya ba. Ya rasu a watan Fabrairu na 1933, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar maƙabartar coci, uban ya fasa daskararriyar ƙasa ya binne shi a makiyaya. Gonar haya suke zaune a lokacin, bayan shekara biyu suka tashi. Uwar ba ta sake ambatonsa ba sai da ta ga tafiya ta zo, ta roƙi Lorene ta sa masa dutsen kabari.

"Sau biyu na zo na duba ban gani ba," in ji Lorene. "Na ce ai ciyawa ba ta zuwa ko'ina, wata rana na dawo. Sai ga shi na ji Darrel zai sa garma."

Darrel Ochsner ne ke noma duk wannan yanki yanzu, ƙasar da a da take ciyar da gida goma sha huɗu. Makiyaya biyu suka rage masa waɗanda garma ba ta taɓa shiga ba tun da aka halicce su, ɗaya a bayan makaranta mai lamba arba'in da ɗaya, ɗaya mil uku yamma. Masara zai zuba a duka biyun.

"Ya yi mini kirki," ta ce. "Ran Litinin zai fara da ta yamma, ta bayan makaranta ya bar mini ita mako guda. In na samu, zai kewaye wurin da waya. In ban samu ba, shi ke nan. Dutsen yana bayan motata, an riga an sassaƙa sunan."

Na ciro taswirorin da muke da su. Gundumar Tilford mil talatin ce a tsawo, ashirin da huɗu a faɗi, tituna sun yanka ta mil-mil kamar an ja da zare. Arewa tuddan yashi ne, kudu shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka, Rafin Dila ya ratsa tsakani a karkace. A ƙidayar 1930 mutum dubu bakwai da ɗari biyu muke, da makarantun karkara sittin da uku. Ƙidayar bara ba mu kai dubu da ɗari ba, makaranta kuma guda ce, a gari. Taswirarmu mafi tsufa da ta nuna makarantu ta 1948 ce, kuma ga lamba arba'in da ɗaya nan inda muka san ta, inda ni da Lorene muka zauna a benci.

Washegari muka fita. Ginin yana nan tsaye, ba taga ba ƙofa, tsuntsaye sun gaje shi. Auna rabin mil ba wuya ga wanda ya yi shekara arba'in yana kafa shinge: turke ɗari da sittin ne, in an kafa su yadda iyayenmu suke kafawa. Na ƙirga, muka tsaya, muka juya yamma. Ayiris fure ne mai ganye kamar wuƙa, gajeren irin da matan zamanin da suke shukawa a kan kabari yana fitar da shuɗin fure a ƙarshen Afrilu, kuma ba fari ba kofato da ke kashe shi. Idan yana nan, ya kamata mu gan shi.

Ba mu gan shi ba. Ran Alhamis Darrel ya zo da mutanensa ya ƙone mana busasshiyar ciyawar don ƙasa ta fito fili. Muka bi baƙin filin sahu-sahu, ni da sandata, ita da takalman mijinta marigayi. Muka tsinci takalmin doki na ƙarfe, da murfin murhu, da ramin dila biyu. Ran Juma'a da yamma Lorene ta zauna a bakin mota, toka har gwiwa.

"Wataƙila Mama ta ruɗe," ta ce. "Allurai sun yi mata yawa a lokacin."

Ni dai ban yarda ba. Na san mahaifiyarta. Matar da take sanin kazar da ta yi kowane ƙwai ba za ta ruɗe a kan inda ɗanta yake ba.

Ran Lahadi bayan coci akan haɗu a ɗakin da ke ƙarƙashin cocin a sha kofi, a ci kolaci, burodin nan mai zaƙi da matan da kakanninsu suka zo daga ƙasar Cek suke gasawa. Mu goma sha tara ne ranar, a cocin da aka gina don mutum ɗari uku. Na zauna a ƙarshen tebur kamar kullum. A tsakiya Vlasta Tesar take, gwaggon Darrel, mai shekara tamanin da uku, wadda ba a taɓa kai ƙarshen hira kafin ita ba. Lorene ta iso ana tsakiyar ci.

"Ga 'yar birni, sai yanzu," in ji Vlasta. "Ni kaɗai aka ba lasisin makara a gundumar nan, yarinya."

"Gwaggo, don Allah kar ki fara," in ji Darrel.

"Rufe mini baki, kai da aka haifa bayan an gama wahala. Ni mil uku nake takawa zuwa makaranta, kullum a makare, kullum da hujja: yau iska, gobe maciji, jibi saniya ta tare hanya. Malama ta gaji da ni. Rannan na tashi da safe na leƙa taga, sai ga makaranta tana tahowa a kan hanya, alfadarai goma sha biyu suna ja! Suka dire ta a ƙofar gidanmu. Babana ya ce, to Vlasta, yau kuma wace saniya ce?"

Aka yi dariya, irin ta mutanen da suka san inda dariyar take tun kafin a iso wurin. Na ji labarin nan ya fi sau talatin. Kullum kunnena yana kan saniya. Ranar sai ya tsaya a kan mil uku.

Na jira har ta kurɓi kofi.

"Vlasta, wace makaranta ce aka jawo?"

"Kai, ashe kana magana? Arba'in da ɗaya mana. Wace kuma?"

"A wace shekara?"

"Ina 'yar shekara goma. Talatin da bakwai ke nan. Fari ya kori mutanen yamma, yara biyu suka rage a can, mu a gabas mu goma sha ɗaya. Aka ce maimakon yara su bi makaranta, makaranta ta bi yara. Aka sa mata gungume biyu a ƙasa aka ja."

"Daga ina?"

"Daga kwanar Pospisil, inda..." Ta tsaya da kofi a hannu, ta dubi Lorene, ta dubi Darrel.

A nan ƙasar tamu gini ba ya zama wuri ɗaya. Katako yana da tsada a inda ba itace, saboda haka in mutane sun tashi, sai a ja coci, a ja rumbu, a ja gida, a kai inda ake bukata. Kowa ya san haka, shi ya sa ba mai rubutawa. Makarantar ta tafi da lambarta, mu da muka shiga bayan an kawo ta muka ɗauka nan aka haife ta. Mahaifiyar Lorene kuwa, ranar da ta tsaya a bakin ramin, makarantar da take hange a kudu tana kwanar Pospisil, kuma a ranta ba ta taɓa motsawa daga can ba.

"Kwanar Pospisil ai makiyayar yamma ce," in ji Darrel a hankali. "Tarakta tana bakin ƙofarta tun jiya. Gobe da safe Kyle, mai tuƙa mini ita, zai shiga."

Lorene ta ajiye kolacin da ta ɗauka.

Mu huɗu muka tafi a motar Darrel, don Vlasta ta rantse ba za a bar ta ba. Kwanar ba komai a cikinta sai ciyawa da iska. Vlasta ta sauke gilashi ta yi nuni da sandarta.

"Can. A'a, sakarai, can! Inda ƙasa ta ɗan lotsa."

Darrel ya shiga yana shure ciyawa, har ƙafarsa ta bugi wani abu. Bututun rijiyar makaranta ne, tsawon taƙi ɗaya a bisa ƙasa, ya yi tsatsa. Kusa da shi ga matakalar siminti mai hawa biyu da ba ta kai ko'ina. Da rana ta karkata, na ga layi biyu a cikin ciyawa sun miƙe gabas, sawun gungumen da aka ja shekara saba'in da wani abu.

Hanyar da ta yi arewa daga nan an daina binta tun ina yaro, amma shingen yana nan. Na fara ƙirga turaku. Lorene tana gefena, Darrel yana biye da mota a hankali saboda gwaggonsa. Gwiwata ta fara magana a turke na sittin.

"Hau mota mana, Kawu Orval," in ji Darrel. "Agogon mota zai auna."

"Agogon motarka bai san wannan shingen ba."

"Bar shi," in ji Vlasta. "Ƙirga ne kaɗai abin da ya fi mu."

A ɗari da sittin muka juya yamma. Nan ba a ƙone ciyawa ba, ta bara tana kwance har gwiwa, fara fat. Muka rarrabu. Muka yi taku ɗari, muka dawo, muka matsa arewa kaɗan, muka sake. Rana tana sauka. Darrel ya dubi agogonsa sau ɗaya, ya ga na gan shi, bai sake ba.

Lorene ce ta tsaya. Ba ta kira kowa ba, tsayuwar ce ta sa muka nufo ta. A gefen wani ɗan tudu, inda iska ba ta bugu sosai, ayiris ya yi zobe mai faɗin ɗaki. Haka yake yi in an bar shi: yana bazuwa waje shekara bayan shekara, tsakiya ta mutu. Furanni ba su fi goma da suka buɗe ba. A tsakiyar zoben ƙasa ta ɗan lotsa, tsawon bai kai hannu biyu ba.

Darrel ya cire hularsa. Ya daɗe yana duban filin, daga inda tarakta take zuwa inda muke, na san lissafin layukan masararsa yake yi, don wurin ya faɗo a tsakiyar hanya.

"Zai sa ka yi ta kewaye kowace shekara," in ji Lorene. "Na sani."

"Ba komai. Kyle ma ba ya iya miƙe layi ko ba kabari." Ya mayar da hular. "Ina da turaku a bayan mota. Zoben duka zan kewaye, ba tsakiyar kaɗai ba."

"Ka bar ƙofa," Vlasta ta ɗaga murya daga mota. "Kar ka rufe yaro kamar ɗan maraƙi."

Kafin rana ta faɗi ya kafa huɗu, ya ɗaura jan ƙyalle a kowanne don mai tarakta ya gani. Dutsen sai washegari muka kawo, shi da Kyle suka sauke, Lorene ta nuna musu inda kai yake, wajen yamma, yadda ake binne namu. Garma ta riga ta fara daga kudancin filin, baƙar ƙasa tana juyawa, tsuntsaye suna bi. Lorene ta durƙusa da ƙyar ta tono saiwa biyu daga gefen zoben, ta naɗe a jarida. Ɗaya ta ce za ta kai kabarin uwarta a Omaha. Ɗayar ta miƙo mini.

"Ba ni da lambu," na ce.

"Kana da ƙofar banki. Ba ya son kulawa, irinka ne."

Ran Talata na buɗe ɗakin tarihi, na shuka saiwar a gefen matakala, na ciro taswirar 1948. Da fensir na yi ƙaramar alama a kwanar Pospisil, na rubuta lamba arba'in da ɗaya da shekarar da aka ja ta. Sannan na ɗauki littafina na nufi gidan Vlasta. Makarantu sittin da biyu suka rage, kuma ban san guda nawa ne suka yi tafiya ba.