Dattijon Aro

Abdulhakeem yana kwance ƙarƙashin mota a garejinsu na Ras Al Khor, a Dubai, saƙon Khairunnisa ya shigo: bizarta ta ƙare, ranar Asabar za ta koma Kumasi. Ya hau ɗaure notin da ya riga ya ɗaure.

Shekara guda ke nan yana sonta, har magen garejin ta sani. Amma bai taɓa tura kowa wurin kawunta ba. A gidansu saurayi ba ya neman aure da bakinsa, sai manya. Manyansa kuwa suna Kano, shi kuma gwanin "sai bayan Sallah" ne.

Venkatesh, tsohon bakaniken Indiya mabiyin addinin Hindu, ya jawo shi waje ta ƙafa. Da ya ji zancen, sai ya ajiye sifana.

"A addininmu ana koya mana cewa mutuwa ba ta tambayar mutum ko ya gama aikinsa," in ji shi. "Abin da ya hau kanka, yau ake yinsa. Na ce zan je duba yayana bayan damina. An riga an ƙone gawarsa, tokarsa na tarar."

"Baba, ba ni da babba a Dubai."

"Shekarata sittin da huɗu. Nawa ake buƙata? Yalla, tashi ka wanke hannunka."

Suka sayi goro a kasuwar Naif. A hanya tsohon ya yi ta haddace jumla ɗaya ta Hausa, gumi na wanke jan ɗigon da ke goshinsa.

Alhaji Sualah, kawun Khairunnisa, yana shagonsa na takalma. Venkatesh ya tuɓe nasa a ƙofa, ya russuna, ya miƙa goron da hannu biyu.

"Mun zo neman iri," ya ce, tiryan-tiryan.

Abdulhakeem ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji ya dubi tsohon, ya dubi saurayin, sai ya fashe da dariya har da ƙwalla.

"Kai Bakano! Na zaci sai a jana'izata za ka turo. Khalas, shi ke nan, na karɓi gaisuwa. Kira baffanka a bidiyo yanzun nan, a sa rana."

Sannan ya ɗaga labulen bayan shago.

"Khairunnisa, bar haɗa kayan nan tukuna. Zo ki gaida surukinki."