Keken Karbon na Alhaji Hashimu

Alhaji Hashimu kayan gyaran babur yake sayarwa a bakin babbar kasuwar Tawa. Duk ɗan kabu-kabun da sarƙarsa ta tsinke ko birkinsa ya cinye, shagon Alhaji yake nufa. Shi kuwa Alhaji ba ya gajiya da faɗin cewa babu wani abu mai taya biyu da zai lalace a ƙasar Adar a rasa kayansa a wurinsa.

Bayan damina ƙanensa Nasrullahi, da ke aiki a Beljik, ya zo ganin gida da wani dogon kwali. Aka buɗe a tsakar gida, sai ga keke baƙi wuluk, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago, tayoyinsa masu ƙuraje.

"Yaya, wannan ba ƙarfe ba ne, karbon ne," in ji Nasrullahi. "Zare ne aka saƙa aka daskarar da shi da gam. Don hanyar tsakuwa da jar ƙasa aka ƙera shi. Kamar don Adar aka yi shi."

Alhaji ya sa yatsa biyu ya ɗaga keken, ya yi salati. Matarsa Haula, da ke tankaɗe a gindin bishiyar bedi, ta leƙo ta ce, "To ina wurin ɗora kaya?"

"Ba a ɗora mishi kaya."

"Goyo fa?"

"Ba a goyo."

"To madalla," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Nasrullahi ya koma, ya bar Alhaji da keke. Kwanakin farko shago ya cika da 'yan kallo, kowa na son ya ɗaga ya ji da hannunsa. Sai keken ya fara magana. Duk lokacin da Alhaji ya taka feda da ƙarfi, sai a ji ƙyas, ƙyas daga ƙasan cikinsa, wurin da fedojin ke juyawa. Ga wata waya da aka zura ta cikin jikin keken don kada ta ɓata masa kyau, ita ma tana kaɗawa a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. In ya canza giya kuwa, sarƙa takan yi tunani tukuna, sannan ta tafi inda ta ga dama.

Ya buga wa Nasrullahi waya. Nasrullahi ya ce ya bincika, a can ma masu irin keken duk kukan da suke yi ke nan, wai ramin da aka zaunar da fedojin ne ya ɗan yi faɗi tun daga masana'anta. Ya ce ya rubuta wa kamfanin, sun amsa cewa ƙarar ba ta hana tafiya.

"Gaskiya sunka faɗi," in ji Alhaji. "Ba ta hana tafiya. Mutunci take zubarwa."

Ya kai keken wurin Talle, mai gyaran keke a bayan tasha. Talle ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ce kwana nan ya gyara irinsa, alhali bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ɗauko babbar sifana ya ɗaure duk wani noti da idonsa ya gani, har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya kwarara wa sarƙar baƙin mai. Ƙarar ta ɗauke har zuwa kwanar gidan Alhaji. Daga nan ta dawo, ta zo da ƙanwarta daga ƙarƙashin sirdi.

Ana cikin haka yayarsu Kande da ke Afala ta aiko cewa an yi mata jika, ranar Juma'a suna. Haula ta ce su bi motar kasuwa tare. Alhaji ya ce ita ta bi, shi a keke zai tafi, ai don irin wannan hanya aka yi shi, kuma ya kamata mutanen Afala su ga abin da ɗansu ya kawo daga Turai.

Ya fita da sanyin safiya. Da farko, a gaskiya, ya ji daɗi. Keken na tafiya bisa jar ƙasa kamar ba ya taɓa ta, gonakin gero da aka girbe suna wucewa hagu da dama, har ya fara shirya yadda zai ba da labari. Motar su Haula ta wuce shi, ya ɗaga mata hannu da fara'a.

Baƙin man Talle kuwa yana aikinsa: duk yashin da taya ta watso, sarƙa ta karɓa ta riƙe. A wani tudu mai rairayi, da ya zo hawa, ya danna giya mai sauƙi. Ya ji ƙarar abu ya karye, tayar baya ta tsaya cak, shi kuma ya ci gaba ba tare da keken ba, ya sauka cikin wata sabara. Da ya tashi ya kakkaɓe, ya ga ɗan hannun nan da ke rataye gefen tayar baya, mai ɗaga sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan, ya ɓalle ya shige cikin wayoyin taya ya murɗe.

Keken bai turuwa, tunda taya ba ta juyi. Ya saɓa shi a kafaɗa. A nan ya yarda cewa duk abin da aka faɗa game da rashin nauyinsa gaskiya ne. Rana ta ɗaga sosai kafin wani mai amalanken jaki, da ya ɗauko karan dawa, ya tsaya masa.

"Baba, mi ya samu belon?" in ji shi, yana nuna keken.

"Giya ce ta karye."

"Da ma da giya?" Mutumin ya girgiza kai cikin tausayi. "Allah shi ba ka mai ƙwari."

Haka Alhaji Hashimu ya shiga Afala, zaune bisa kara, keke a cinya, an riga an raɗa suna har an fara rabon nama. Mutane suka kewaye amalanken, kowa ya ɗaga keken ya yaba. Kande ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Hashimu, kai ka kawo shi ko shi ya kawo ka?"  Haula kuwa ruwa ta miƙo masa, ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da suka dawo Tawa ya zazzage shagonsa kaf. Abin da ya karye ɗan kunnen ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, shi ke riƙe da hannun giya a jikin keken. A duk akwatunansa babu mai kama da shi. Ya aika Konni, ya aika Sakkwato, babu. Talle ya ce a ba shi ya yi walda, har ya kunna wuta. Allah ya sa Nasrullahi na kan waya yana kallo ta bidiyo.

"Yaya, ka hana shi! Gam ne, narkewa zai yi!"

Nasrullahi ya sake rubuta wa kamfanin. Suka nemi hotuna, suka nemi lambar da ke ƙarƙashin keken, sannan suka tambaya ko an hau shi a wuri mai yashi ko ƙura. Da aka ce musu e, suka ce garantinsu bai shafi wannan ba. Nasrullahi ya sayi kunnen da kansa ya ba wani mai zuwa Yamai. Da ya iso, na wani samfurin ne. Na biyun bai zo ba sai da zafi ya shigo, tare da sabon hannun giya da sabuwar sarƙa da ɗan kwalbar mai da aka ce ɗigo-ɗigo ake sa shi.

Wannan karon Alhaji da kansa ya ɗaura, Nasrullahi na nuna masa ta waya. Giya ta koma shiga lafiya. Ƙyas-ƙyas ɗin dai tana nan, amma ya saba, har ya ce tana sa yara su kauce.

Sai dai daga ƙofar gidansa zuwa kwalta lungu ne mai yashi da tsakuwa. Kullum da safe Alhaji kan fito da keken a kafaɗa, ya ratsa lungun a ƙafa yana amsa gaisuwar maƙwabta, sai ya kai kwalta ya ajiye shi a hankali, ya hau zuwa shago. Da yamma ya sauka a bakin kwalta, ya sake saɓa shi zuwa gida.

Ranar sallar layya Nasrullahi ya kira, bayan gaisuwa ya ce abokansa na can suna ta tambaya yadda keken ke yi a kan jar ƙasar Adar.

"Ka ce musu lafiya lau," in ji Alhaji. "Tun da munka gyara shi bai sake ba ni wahala bisa jar ƙasa ba."