Allon da Ya Tsayar da Gada

Kwana tara ke nan ba wanda ya taɓa aikin gadar. Ginshiƙai biyu na tsaye cikin rafi, rodin kansu ya fara tsatsa, ga hadari kullum yana haɗowa ta wajen Kuru. Labaran, kansilan unguwar, ya tsaya a bakin rafi yana kallon 'yarsa Salma, 'yar shekara takwas, tana bin katako ƙwaya ɗaya da yara ke tsallakewa zuwa makaranta. Katakon yana lanƙwasawa. Bara a nan ruwa ya tafi da yarinyar maƙwabcinsa. Bai saki numfashi ba sai da Salma ta taka ƙasa.

Shi ya haɗa aikin da kansa. Wata ƙungiyar agaji ta kawo injiniya da siminti. Ƙungiyar masu sayar da kayan gini, wadda Madam Ulonma ke shugabanta, ta ba da rodi. Mahautan Abbatuwa su ne masu haƙa da kwaɓa. Komai na tafiya daidai, sai Labaran ya sa aka kafa allo: hotonsa da doguwar hula, a ƙasa an rubuta "Aikin Kansila". Haka ya ga kowane ɗan siyasa yana yi. Washegari mahauta ba su zo ba, Madam ta aiko aka kwashe sauran rodin. Injiniya ya ce ƙa'idarsu ita ce ba aiki sai da hannun mutanen unguwa, in mako ya ƙare a haka za su kai simintin zuwa unguwar Daɗin Kowa.

Labaran ya sami Sarkin Fawa Musaddiq yana wasa wuƙa.

"Ranka ya daɗe, ka taimake ni. Ruwa na tafe."

"Honarabul, ai hotonka na can bakin rafi. Ce masa ya ɗauki shebur mana."

Mahauta suka tuntsire da dariya. Labaran ya haɗiye fushinsa.

"Je ka ga Madam," in ji Sarkin Fawa. "In ta dawo, mun dawo."

Madam Ulonma ko kujera ba ta ba shi ba.

"Oga Kansila, rodina ba shi da suna, ko? Shekara talatin ina Jos. Jikana ma wannan katako yake bi. Amma kai ka hau allo kai kaɗai, kamar kai ka haifi gada."

"Na yi kuskure, Madam. Wallahi ko barci ba na iyawa."

"Kuskure yana baki. Allo yana can."

 Zaɓe na nan baɗi, wannan allon kuma shi kaɗai ne abin da Labaran zai nuna wa jam'iyya. Aka yi tsawa daga nesa. Katakon ya faɗo masa a rai.

"Ba ni gwangwanin farin fenti da buroshi."

Da tsakar rana, a gaban 'yan keke da masu gasa masara, ya taka durom ya fara shafe fuskarsa da ke jikin allon. Fenti na ɗiga a babbar rigarsa. Ya shafe hular, ya shafe sunan. Da rubutunsa mai karkacewa ya jera ƙungiyoyin uku, ya ƙara da "Mutanen Unguwa". Wani ya yi masa ihu cewa ya kashe kansa a siyasa. Bai waiwayo ba.

Kafin la'asar motar rodi ta iso, Madam a gaba, mahauta a baya da shebura. Injiniya ya dubi sama ya girgiza kai.

"Ko mun zuba kankare gobe, sai mako uku kafin a taka."

Yayyafi ya fara, rafin ya soma yin ja. Ga yara sun taso daga Islamiyya da lesin, wato ƙarin darasin boko, sun yi cirko-cirko a ɗaya gefen. Labaran ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa.

"Baba, ni!" in ji Salma.

"Bi layi, Salma. Kowa zan ɗauka."

Ya saɓa jikan Madam a kafaɗa ya juyo, yana laluben dutse da ƙafa. Mako uku. Ya fara ƙirgawa daga yau.