Gidan da Ba a Cewa Sannu

Ranar da Tela ya hana a ambaci ciwo a gidansa, ranar Malam ya fara jin tarinsa ta bango.

Tela ya daɗe da yarda cewa duk abin da baki ya furta, zuciya ta riƙe, shi ke zuwa. Kowace safiya sai ya tsaya gaban madubin shagonsa ya ce, "Lafiyata ƙalau," kamar madubin ne ke masa gardama. Ibada ba ta wuce shi, amma maganin likita yana kan taga, rana ta koɗar da kwalinsa. Shan magani, in ji shi, amsa sallamar cuta ne.

Malam, maƙwabcinsa, tsohon malamin makaranta ne, kuma ba mai mantuwa ba. Lokacin da matarsa ta rasu, Tela ya zo gaisuwa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Da ka daina yi mata kallon mai tafiya, da ta zauna." Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu.

Wata safiya matar Tela ta tare shi a bakin famfo.

"Malam, ka shiga ka gan shi mana. Amma don Allah kar ka ce masa sannu."

"To me zan ce? Barka da ƙiba?"

Ba ta yi dariya ba. Sai ya bi ta.

Ya same shi a kan keken ɗinki, yana ɗinka wa kansa riga da tsohon awonsa. Ƙafa ta kasa taka keken, da hannu yake juya shi.

"Mutum biyu za su shiga wannan," in ji Malam.

"Zan cika ta."

Da matar ta fita, Tela ya tsai da keken, ya rage murya.

"Malam, kai da ka sha littattafai. Jiya tsoro ya kama ni, har na yi tunanin kabari. Na kore shi, ya dawo. Ni na jawo wa kaina, ko?"

Malam ya san amsar. Tana bakinsa ma. Amma sai ya ji nauyin hannun nan a kafaɗarsa, kamar yau aka dafa shi. Ya ɗauki almakashi, ya duba, ya ajiye.

"Wuyan rigar ya karkace," ya ce. Ya fita.

Washegari bai ji tari ba. Kukan matar ya ji.

Bayan an kai shi, ta wanke rigar da ba wanda ya taɓa sawa, ta shanya a igiya, ta kasa ɗaukewa. Daga tagar Malam ana ganinta. In iska ta taso sai ta shige ta, ta cika ƙirji, ta cika kafaɗu, daidai awon.

Malam yakan tsaya ya jira sai ta cika.

"Ba kai ka jawo ba, maƙwabci," yakan ce.

Sai iskar ta fita, rigar ta sauke hannuwa.