Abin da Bubayero Ya Jiyo a Zauren Sodangi

Kun gani, kada wanda ya ce bai gani ba. Kowannenku ya taɓa tura tsoho wurin magana mai nauyi, ya dawo yana murmushi, kuka karɓi murmushin don ya fi sauƙin ɗauka, kuka kau da kai. Dawuda ma haka ya yi.

Shekara arba'in ke nan, duk kaka, mahaifinsa Bubayero yakan tashi daga rugarsu a bayan Dudunni ya je wurin amininsa Malam Sodangi neman izinin sauke shanu a gonarsa. Shanu su ci kara, gona ta sha taki, kowa ya ci riba. Bana tsohon ya haura tamanin, ƙafa ta ƙi, sai Dawuda ya goya shi a babur. Gonar ma yanzu ba Sodangi ke nomanta ba, ɗansa Kamalu ne.

"Kaɗo, ashe kana nan da rai?" in ji Bubayero tun daga bakin zaure.

"In mutu in bar maka man shanuna? Miƙo ƙwaryar nan, Bafillace, na san ka rage a hanya."

Dawuda ya koma gindin darbejiya, don ba a zama cikin zancen iyaye. Daga nan ya ga Kamalu ya shiga ya tsugunna. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma da kaushi. Dawuda ya tsinci kalma biyu kawai: wake, da bara. Sai dariyar tsofaffin ta rufe sauran. Da Kamalu ya fito, jijiyar wuyansa a miƙe, ya ba Dawuda hannu bai dubi idonsa ba.

A hanya Dawuda ya rage gudu. "Baffa, me Kamalu ya ce?"

"Yaron kirki. Ka ga goshinshi? Na kakarshi Halima ne sak. Ni fa na ba da ragon sunanshi."

"Na ji kamar ya ambaci wake."

"Waken ya yi kyau, in ji shi. Sodangi kuwa cewa ya yi gida gidanmu ne."

Lambar Kamalu tana cikin wayar Dawuda. Ya ciro ta, ya duba, ya mayar aljihu. Shanu sun rame, ciyawar daji ta ƙare, kuma amsar da yake so ke nan. Wa zai tone maganar da dattawa suka binne?

Ranar Laraba da hantsi suka kora shanu cikin gonar. Dawuda ya tsaya ta sama, inda karan dawa yake. Bai san can ƙasa, bayan kargon da ya yi duhu, akwai waken da aka shuka a makare ba, ɗanye shar, da 'ya'yansa. Shanu kuwa sun sani. Kafin azahar babu komai a wurin sai sawun kofato.

Da Kamalu ya zo ya ga ɓarnar, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona Dawuda ke nan.

"A gaban mahaifinka da nawa na faɗa," in ji shi. "Na ce kwana ashirin nake roƙo, waken ya bushe in cire. Na ce bara an ci mani harawa na haɗiye, bana in aka sake, an gama. Har sau biyu na faɗa, Dawuda. Kai kana waje kana kallona."

Dawuda ya sami mahaifinsa a inuwa yana tufka igiya. Ya durƙusa. "Baffa, ya ce a jira kwana ashirin?"

Tsohon ya ajiye igiyar, yana ƙoƙarin tunawa. Ba ɓoyo yake ba, nema yake yi da gaske. "Ya yi wata magana mai ɗaci," ya ce a hankali. "Ni kuma ina kallon Sodangi. Ka ga yadda ya ji daɗin ganina? Sau nawa ya rage mana mu zauna haka?"

Kada ku ce ruɗewa ce. Wannan tsohon yakan kira kowace saniya da sunanta, ya faɗi uwarta da kakarta. Kunnensa garau yake. Zuciya ce idan ta ga kwana ya ƙure sai ta fara zaɓe: ta riƙe mai daɗi da hannu biyu, mai ɗaci ta bar shi ya wuce. Shi ya sa tsofaffi suka fi mu kwanciyar rai, shi ya sa kuma gargaɗi yakan zame musu. Aikin mai ƙuruciya ne ya tare abin da ya zame. Dawuda ya ga fuskar Kamalu sarai, ya kira shirunsa ladabi.

Sodangi ya aiko da ban haƙuri, amma gona ta mai nomanta ce. Cikin mako guda Kamalu ya kewaye ta da waya. Maƙwabta suka ji labari, kowa ya ce tasa ma ba bana ba. Dole ruga ta tashi neman wurin cin rani can nesa, wajen Sukuntuni. Aka aza Bubayero a babur, yana ta waiwaye, yana cewa ai gobe ko jibi za a kira su su dawo. Ba a kira su ba.

Ku da kuke da tsoho a gida, ku daina sakin shi shi kaɗai da magana mai kaifi, ko a zaure ko a asibiti. Ku shiga, ku tsugunna a gefensa, ku ji rabin da zai bari. Wanda kuka ga ya fito da ɓacin rai, ku bi shi ku tambaye shi tun bai kai gida ba.