Ranar da Moumouni Ya Tsayar da Goɗiya

...a'a, ba zai ja ragamar ba. Ko da yarinyar za ta yi kukan nan mai tsaga kunne. Ya tsayar da goɗiyar a tsakiyar gonar dabinon da yake wa kiwon dawaki, 'yarsa na bisa, tana jijjiga gaba da baya, idonta a kan geza — kullum geza, ba fuskar mutum ba.

Shekara shida, ko "Baba" babu. Tawahhud, in ji likitar Sabha, nan Libiya: yaro ya shige cikin kansa ya ja ƙofa. Iskoki, in ji kakarta daga Tanut, can gida Nijar. Jibi kamiyo, babbar motar zuwa gida, zai tashi, matarsa Rakiatou ta riga ta ɗaure kayan yarinyar... a kai ta gida, ɗakin duhu, hayaƙi, mari a ƙafa. Ya taɓa ganin wanda aka yi wa haka. Rediyo na ta cewa an buɗe wa 'yan Afirka ƙofar ƙasar nan — ta 'yarsa fa, wa zai buɗe?

Ga Rakiatou can a inuwa, ta harɗe hannu. "Malam, rana na yi. Sauko da ita haka nan."

Tukuna. Ai ya lura: in goɗiya na tafiya, kafaɗun yarinyar kan sauka, hannun ya bar dukan kunne. In ta tsaya... wani abu kan taso mata a maƙogwaro, ya koma. To yau ba zai ja ba. Ta nema da bakinta, uwar ta ji, ko a fasa kai ta gida.

Ku riƙa kiran sunanta, likitar ta ce. Sunanta! 'Yar fari? Shi da ranar suna ma sunkuyar da kai ya yi... "ke", "yarinyar nan". Kunya ce, haka ya tarar ana yi. Shin ta ma san tana da suna a bakinsa?

Hannunta ya nufi kunne — ya tsaya. Leɓe na motsi.

"Tsk. Tsk."

Ƙarar harshen da yake wa goɗiya kowace safiya. Tasa ce sak. Ashe tana ji. Duk shekarun nan tana ji, da abin da ya faɗa, da wanda ya ƙi faɗa.

Goɗiya ta ɗaga ƙafa. Rakiatou ta saki hannu. Shi kuwa sunan na nan a kan harshensa, Bassira, nauyi kamar dutsen niƙa — bakinsa a buɗe, ragama na zamewa...