Bakin Bututun da ya Karkace

A ɗakin bincike na hawa na biyu akwai wata kwalba da ba ta yi kama da kwalbar kowa ba. Zagayayya ce kamar ƙwan jimina, a cikinta kuma akwai siraran bututu huɗu, kowanne ya lanƙwasa baki ya kalli nasa ɓangaren, kamar 'yan'uwan da suka yi faɗa. Ta waɗannan bakuna iskar gas ke fesowa ta gauraya cikin zafi, har abin da ke sama ya zama ɗaya da na ƙasa. In gaurayar ba ta yi daidai ba, duk abin da aka auna daga kwalbar ƙarya ne.

Mai aiki da ita ɗaliba ce mai neman digirin dakta. Abokan aikinta na ce mata Uwar Ƙwai, don ko tari ba ta yarda a yi kusa da kwalbar. Shekarun karatunta duk a kan wannan ƙwan ta kwanta. Ta gama rubutu, an sa mata ranar kare aikinta a gaban malamai, saura ɗan awo na cike gurbi, sai wata safiya kwalbar ta fashe ana ɗumama ta.

Aka kawo sabuwa. Ta maimaita wani tsohon awo don ta gwada ta, lissafin ya fito daban. Ta canja robar da ke kawo gas, ta duba na'urar awo, ta sake, haka dai. Farfesanta ya ce ai sabuwar ce ba ta yi ba, ta mayar wa wanda ya hura ta.

Shagon mai hura gilashi yana bayan layin masu walda, ɗan tsukuku, da wuta shuɗiya mai huci a kan teburi. Ta ajiye sabuwar, ta buɗe kwalin da ta tara fasassun tsohuwar.

"'Yata, gawa kika kawo min ko ƙara?"

"Duka biyu, Baba."

Ya jera gutsattsarin kusa da sabuwar yana mitar cewa masu ilimi sun fi yaran goye ɓarna. Ita ta fara gani. Ɗaya daga bakunan tsohuwar ya sunkuya, maimakon ya kalli nasa ɓangaren sai yake kallon ƙeyar ɗan'uwansa. Ta tambaye shi ko fashewar ce ta jawo haka. Ya ce gilashi mai sanyi ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Ko zafi ne ya kwantar da shi a hankali, ko kuma haka ya fita daga hannunsa tun farko, ba zai rantse ba.

Ta ce a gwada da hayaƙi. Ya ɗauko wata kwalba irinta da aka yi watsi da ita, ya sa a wuta, ya sunkuyar da baki ɗaya kamar na tsohuwar. Suka hura hayaƙi a sabuwar, nan take ta yi fari ko'ina kamar an cika ta da madara. Suka hura a karkatacciyar. Hayaƙin ya zagaya rabi, sauran ya taru a gefe guda ya naɗe kamar kyanwa mai barci, bai ko motsa ba.

Ta tsaya tana kallo. Abin ma har ya yi mata kyau. Ta san shekarunta ne kwance a wannan lungun, ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Sai ta lura takalminta na hagu ya yi ƙura fiye da na dama.

Mai gilashi ya kashe wutar, ya ce in tana so yana iya sunkuyar da bakin sabuwar, lissafinta ya koma yadda yake.

"Ba shawara nake ba ki ba. Ni abin da aka ce in hura, shi nake hurawa."

Ta ce ya naɗe mata sabuwar yadda take.

Farfesa ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ranar kare aikin ta tashi, awo kuma daga farko za a faro. Bai faɗi tsawon lokacin ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A bakin matakala ta kira mijinta, wanda ya ƙi karɓar canjin wurin aiki sai ta gama. Tana jin ƙaramarsu na kuka a bayansa. Ta gaya masa a taƙaice.

"To, Maman yara, ɗagawa aka yi ko fasawa?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya tambaya ko ya zo ya ɗauke ta. Ta ce a'a, sai ta haɗa kwalbar, don tana daɗewa kafin ta yi zafi.